Lakwal Ɗin da Aka Gina a Kan Hanyar Shanu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raba Filaye na Unguwar Tudun Gawo, Garin Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ranka ya daɗe, ni ne malamin 'yan aji ɗaya a lakwal ɗin unguwar nan, wato makarantarmu ta boko. Na zo wurinka an ce ka fita, na sake zuwa an ce ba ka dawo ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya. A nan aka haife ni, tun wurin yana gonakin gero. Ta tsakiyarsu burtali ya ratsa, wanda makiyayan Takanamat ke bi da dabbobi zuwa kasuwa tun kafin kakana ya yi gemu. Sai gari ya tumbatso. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka saya suka gina, ma'aikata suka biyo, aka jawo wuta, har 'yan kabu-kabu suka daina ce mana ƙauye. Mun gode Allah.

Na biyu. Masu awonka da damina suka zo, lokacin da dabbobi duk suna arewa wajen kiwo. Suka ga fili dogo, babu shuka babu gini, suka ce ai wannan Allah ne ya ajiye wa ilimi. Baba Idi mai gadi ya ce ya gaya masu hanyar shanu ce, suka tambaye shi shanun suna ina. Da kaka ta yi, shanun suka zo da kansu suka ba da amsa.

Na uku. Tun daga lokacin, duk washegarin kasuwa, dabbobin da ba a sayar ba ta farfajiyarmu suke komawa gida. Sun cinye zanar aji biyu, sun cinye zogalen da yara suka shuka da hannunsu. Akwai wani jan bijimi da ya fi wasu ɗalibaina zuwa a kan lokaci. Na yi wa wani makiyayi magana, ya amsa cikin ladabi cewa saniyarsa ta riga lakwal sanin wurin. Gaskiyarsa ce kuwa.

Na huɗu, kuma a nan dariya ta ƙare. A makon jiya garke ya shigo yara suna hutun tara, ya ture Hadizatu, 'yar shekara bakwai, wadda ta fara haɗa baƙi da wasali kwanan nan. Hannunta ya goce. Uwarta ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ta ce mini: "Mushe, karatu na aiko ta, ba kiwo ba." Hadizatu ba ta dawo ba, kuma maƙwabtansu sun fara riƙe nasu yaran.

Roƙona biyu ne. A bar wa dabbobi hanya ta gabas, inda ba a riga an raba ba, kafin wani ya kai bulo. Sannan a kewaye mana lakwal da katanga. Katanga kaɗai ba ta isa ba, don in aka toshe masu babu mafita, gidajen mutane za su faɗa, kuma na ji an ce naka ne na farko a layin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka amsa kafin kasuwa mai zuwa, don in samu abin da zan je in gaya wa uwar Hadizatu.

Wassalam.

Mushe Illa,
malamin 'yan aji ɗaya.