Tsohuwar Da Ke Hana Baƙinmu Cin Ƙwai

Anti Beryl, ki taimake ni kafin wata tsohuwa ta kashe mana kasuwa.

Ni da maigidana Clive mun sayi wani tsohon gidan dutse a nan tsibirin Tasmania, muka mai da shi masaukin baƙi, kwana da karin kumallo. Fursunoni ne suka gina wa wani mai tumaki shi, kuma baƙi na son wannan labarin. Wanda ba ma bayarwa shi ne, daga baya nan ake ɓoye 'yan matan da suka yi ciki ba aure, su haihu, a ƙwace jaririn a ba wasu.

To, akwai wata Noeleen. Duk watan Mayu, lokacin da sanyi ke shigowa a nan, sai ta kama ɗakin sama, wai nan ta haifi ɗanta tana yarinya, ko fuskarsa ba a bari ta gani ba. Ba ta kuka, ba ta rigima. Sai ana tsakiyar shan shayi ta dubi ango da amarya ta ce, "A ɗakinku aka ɗaure mini hannu." Wa zai iya haɗiye ƙwai bayan wannan? Bara muka ce babu ɗaki, sai ta wuni tsaye a bakin shinge tana kallon taga. Clive ya kunna mata ruwan ban fulawa, ta jiƙe sharkaf, ko gezau. Ni na ƙwace mata ɗan? Yaya zan rabu da ita ba a zage mu ba?

Mai Masauki

Mai Masauki,

Gaskiya ne, ba ke kika ƙwace shi ba, kuma amarya ba ta zo cin ƙwai da baƙin ciki ba. Nan gaskiyarki ta tsaya. Jiƙa tsohuwa cikin sanyin Mayu kuwa aikinku ne, ba na mutanen wancan zamanin ba.

Ki kira ta ki ba ta haƙuri, Clive ma ya buɗe baki. Ki ware mata ɗakin a kwanakinta, kada ki haɗa ta da masu amarci. Tarihin kuma ki riƙa faɗa wa baƙi da kanki, duka. Tana ba da shi a teburinki ne don ke kin ƙi bayarwa.

In ba za ki iya ba, ki kwantar da hankalinki. Shekarunta sun ja, Mayun da ba za ta zo ba yana nan tafe, kuma na ga alama shi kike jira. Ina yi miki fatan alheri, da zuciyar da ta fi wadda kika rubuto da ita.

Anti Beryl