Ni na yanke, ba Yaya ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ka sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya, tun ina ganin ƙarami ne har ya fi ƙarfina.

Ni magidanci ne a Suleja, kamfanin da nake wa aiki yana Abuja, amma kwana uku a sati daga gida nake yi. Mahaifinmu yana tare da ni tun rasuwar Mama, ɗakinsa yana can baya, tsakar gida ce ta raba mu. Kunnensa ya yi nauyi, idan ba yana kallon bakinka ba rabin maganar wuce shi take, ga hawan jini. Yayata mace nas ce a Jidda, ita ce 'yar gaban goshinsa, kullum sai ta kira shi ta bidiyo a lokacin hutunta, wajen sha ɗaya na safe a nan. Ɗakin nasa kuwa ba sabis, da sai ya ja sanda ya fito bakin get.

Shi ya sa na kira wani ɗan kudu mai haɗa kayan intanet ya sa mana irin wifi ɗin nan da ake ce wa mesh, wato uwar rauta a falo, sai ƙananan akwatuna a sauran ɗakuna suna karɓa daga wajenta suna rabawa. Ya ce akwatin da aka ja wa waya ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, wanda ba waya ta iska yake kamawa. Ya so ya ja waya biyu, ɗaya ofis ɗina ɗaya ɗakin Baba. Ni kuwa lokacin na gama sabon fenti, na ce ba za a zo a yi min shanyar waya a tsakar gida ba. Na sa ya bi ta silin ya kai wa ofis ɗina, na Baba a bar shi ta iska. Har ya ce min, "Oga, two wall dey there o, make we run am reach Baba side." Wato bango biyu ne a tsakani, gara a ja wayar har ɗakin Baba. Na ce ya bari kawai. Kun ga tun daga nan na zaɓi kaina.

Da farko lafiya lau. Baba har gaya wa masu zuwa gaishe shi yake, wai na kawo masa Jidda har kan gado. Bayan wata biyu mitin ɗina ya fara tsinkewa, ina cikin bayani sai hotona ya daskare, kuma mitin ɗin sha ɗaya ake yi. Ogana na wajen aiki ya ja min kunne, ya ce idan gida ba zai yiwu ba in dawo bin hanyar Zuba zuwa ofis kullum. Wanda ya san cunkoson motocin hanyar nan ya san abin da nake gudu. Ina lalube a manhajar wifi ɗin sai na ga wurin da ake dakatar da wayar salular mutum da dannawa ɗaya. Na danna na Baba, mitin ya tafi sumul. Na ce yau kaɗai ne.

Da na fito sai na tarar da shi riƙe da waya yana jujjuya ta. Ya ce, "Ta yanke ko?" Na ce, "Eh Baba, ta yanke." Ni wayar nake nufi, shi kuma Yaya yake nufi. A fuskarsa na gane haka, wallahi na gane, amma ban gyara masa ba na wuce kicin. Washegari na sake dannawa. Sai da na yi kusan sati shida ina yi, su gaisa na minti uku ko huɗu, in katse, in buɗe bayan hutunta ya ƙare.

Yaya ta yi ta ce masa netwok ne. Ya ce netwok bai san agogo ba, kuma me ya sa ranar da ba ta gaji da shi ba ake kai rabin awa. Ranakun nan kuwa su ne waɗanda nake Abuja. Ya ce ta ga ya zama kurma tana maimaita magana, shi ya sa take gudunsa, kuma ƙaninta da bakinsa ya ce ita ke yankewa. Ta yi rantsuwa, ya ce rantsuwar ma raini ce. Daga nan ya daina ɗauka. Ta kira ni tana kuka, ta ce ni da nake kusa in ba shi haƙuri, har tana sa min albarka wai na fi ta kula da shi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na kira mai haɗawar nan na ce ya zo ya ja wa Baba waya, fenti ya lalace in ya ga dama. Da ya hau silin sai ya sauko da guntuwar waya a hannu. Ashe ɓera ne ya cinye ta ofis ɗina tuntuni, akwatin ya koma kamawa ta iska shiru ba sanarwa, shi ya sa muke rububin hanya ɗaya da Baba. Ya nuna min a manhajar, alamar tana nan ƙiri-ƙiri a shafin da nake buɗewa kullum in danna. Aikin awa ɗaya ne ya gyara duka.

Yanzu sati biyu ke nan, sabis a ɗakin Baba cike yake. Jiya ina zaune kusa da shi sha ɗaya ta yi, hoton Yaya ya fito. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya kife wayar a kan darduma ya ce in miƙo masa ruwa. 

Maiɗakina ta ce in ɗora wa ɓeran laifi, ai ba ƙarya ba ce, in nuna masa guntuwar wayar a wuce wurin. Amma Baba tsohon tela ne, ba ya rasa inda ɗinki ya karkace, zai tambaye ni ko ɓera ya san ranakun da nake gida. In na faɗi gaskiya ina tsoron jininsa ya hau, ina tsoron fushin ya dawo kaina, kuma ban san da wane ido zan kalli Yaya ba. In na yi shiru kuma tana can ɗauke da fushin uba a kan abin da yatsana ya yi, shi kuma shekaru sun ja.

Wa zan fara gaya wa, ita ko shi? In samo wani dattijo cikin abokansa na masallaci ya zauna tsakani, ko in durƙusa ni kaɗai? Ku faɗa min gaskiya ko da zagi ne, na cancanta. Gobe ma sha ɗaya za ta kira, ba ta fasa ba ko rana ɗaya.