Murjanin da Ya Yi Fari

Yelwa, Bauchi
12 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga maƙwabcina kuma aminina Tunji, Baba Sade,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Folasade da maigidanta da jikoki. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ka daina kirana a waya, ka san kunnena ya yi nauyi, wahalar da maƙogwaronka kawai kake yi. Joel, direban motar Legas, zai riƙa kai maka takarda.

Ka ce wata biyu za ka yi wurin likita, yau ga shi an shiga na huɗu. Amanar da ka bar mini tana nan, wato akwatin gilashin nan naka na ruwan gishiri. Kifayen biyu masu ruwan lemo suna ta cin abincinsu, ko a jikinsu wai ka tafi. Shekara talatin na yi a ma'aikatar ruwa ta Gubi ina tace wa jama'a ruwa, ga shi da tsufana ka sa ni zuba wa ruwa gishiri da hannuna.

Abin da ya dame ni, akwatin ba shi da fara'a. Daga dutse sai murjanin nan guda ɗaya mai rassa, shi ma ruwan ƙasa. Ni da na san murjani a wuyan mata, ja wur, har yanzu mamaki nake wai wannan abin yana da rai. Tun da matata Fatu ta rasu yara suka watse Abuja da Kano, ba ni da abokin hira sai kai, yanzu kuwa sai shi. In na dawo daga La'asar, lokacin da muka saba zama a bencin ƙofar shagonka, gabansa nake jan kujera. Ka aiko mini da wasu murjanin masu launi, irin waɗanda ba sa wahalar da ɗan koyo, in ƙawata shi kafin ka dawo.

Ka huta lafiya.
Naka, Sabitu

Legas
1 ga Maris

Malam Sabitu, tsohon kurma,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, likita ne kawai yake son ganin fuskana kullum kamar ni budurwansa ne.

Wai akwatina ba shi da fara'a! Kai yaushe ka taɓa yin fara'a? To ga guda uku nan a cikin filas, na gaya wa Joel kar ya bari rana ya taɓa shi. Akwai kore mai kama da ciyawa, akwai ja mai faɗi kamar laimar kwaɗi, akwai ƙanana kamar maɓallin riga. Waɗannan ko kai ba za ka iya kashe su ba. Ka sa su a ƙasa tukuna, su saba da fitila.

Ka buɗe kunnen da ya rage maka. Kar ka je kasuwar Muda Lawal ka sayo gishirin miya, akwai nasu a buhu ƙarƙashin tebur. In ruwa ya ragu ka ƙara tataccen ruwa zalla, don ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan. In zafi ya zo ka riƙa jefa gorar ƙanƙara a ciki. Mai rassa kuma shekara uku ina renonsa, ka kalle shi da ido kawai.

Bayan Ista ina nan zuwa. Ka share mini benci.

Tunji

Yelwa, Bauchi
20 ga Afrilu

Baba Sade,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaida mutan gida.

Ista ta wuce, Sallah ta wuce. Bana ba wanda ya zo ya cinye mini kajin Sallah sannan ya ce gishiri bai ji ba. Takarda biyu na ba Joel, duka ya dawo hannu rabbana. Duk ranar da motarsa za ta shigo sai in je tasha in zauna, har masu shayi sun daina tambayata wa nake jira. Ina kewarka, Tunji. Ban saba faɗa ba, amma na faɗa.

'Ya'yanka sun kama. Koren ya bazu kan dutse, in famfo ya kaɗa ruwa sai ka ce gonar shinkafa. Jan ya haifi ƙarami. Da safe in na kunna shuɗiyar fitila, maɓallan nan buɗewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, in tsaya ina kirga su ni kaɗai.

Ga albishir. Mai rassan nan naka ya rabu da ruwan ƙasa. Ya yi fari fat, tas da shi kamar sabuwar shadda. Ina ganin zaman hannuna ya fi karɓarsa. Me ka ce?

Naka, Sabitu

Legas
3 ga Mayu

Malam Sabitu,

Barka da war haka, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗin labarin murjani ƙwarai. Na gode da ƙoƙarinka, Allah Ya saka da alheri. Zan zo in likita ya sallame ni.

Naka, Tunji

Legas
9 ga Yuni

Baba Sabitu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Folasade ce, 'yarka da ka riƙa kaiwa makaranta a bayan babur.

Baba, ka yafe mini. Ni na rubuta wasiƙar da ta gabata, ba babana ba. Kwana huɗu kafin Ista ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Yana ji, yana ganewa, amma ba ya iya furta ko sunana. Likita ya ce mu cire rai da doguwar tafiya. Ba zai dawo Bauchi ba, Baba. Na kasa gaya maka don na san kai kaɗai ne a gidan.

Ranar da na karanta masa wasiƙarka, da na zo wurin fari fat sai ya zare ido, ya riƙa dukan katifa da hannun hagu, yana neman sauko da ƙafarsa ƙasa. Sai da mu biyu muka riƙe shi. Na ɗauka murna ce. Shekaranjiya na je wurin mutumin da yake sayar masa da kayan akwatin, na ba shi labari, sai ya ce ai murjani in ya yi fari haka ya mutu, ƙashinsa ne kawai ya rage. Na rasa yadda zan yi, amma na ga bai kamata in bar ka kana renon abin da ba shi da rai ba.

Ka kula da kanka.
'Yarka, Folasade

Yelwa, Bauchi
15 ga Yuni

'Yata Folasade,

Na ga saƙonki. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Na san murjanin ya mutu. Batirin sola ne ya ƙare wata ranar Juma'a ina masallaci, ruwan ya yi zafi. Na rubuta haka ne da gangan, don babanki ya fusata ya hau mota ya zo ya zage ni. Da na ga amsar nan mai ladabi na san ba lafiya ba, na kasa tambaya.

Ashe ya taso ɗin. Ki roƙa mini shi gafara, ki ce masa sauran ukun suna raye.

Ki ci gaba da rubuto mini da sunansa. Ki riƙa kallon fuskarsa, duk abin da kika ga yana son ce mini ki rubuta, kar ki tausasa.

Babanki, Sabitu