Koriyar Ƙofar Gidanmu

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Saura sati uku bikin Ikram, autarmu. Yau na tsaya a lungu na kalli ƙofar gidanmu da idon baƙo, wallahi sai da kunya ta kama ni. Koren fentin nan da na tashi na gani tun ina firamare, duk ya ɓare, ƙasan ya ci tsatsa. A nan dangin ango za su tsaya su yi sallama? Ba da ni ba.

Duk unguwar Zaitawa "gidan Malam Maharazu mai koriyar ƙofa" ake ce mana. Na gaji da sunan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaya Kabiru ya ce in zaɓi kala, shi zai turo mai fenti. Ikram wai ruwan hoda take so. Na ce ƙofar gida ce, ba akwatin lefe ba. Ni ruwan toka nake so, irin na maƙwabcinmu Alhaji Ɗalha, mai ɗan sheƙi.

Na tambayi Baba don kada a ce ban tambaya ba. Ya ce, "Koren ma ai yana da kyau." Daga nan ya tambaye ni ko an kira azahar, alhali yanzu ya dawo daga masallacin. Ikram ta kalle ni. Na harare ta. Mutum mai shekara tamanin da ɗaya ba zai yi ɗan ruɗe ba?

Laraba, 9 ga Oktoba

An fenta. Ta yi kyau, kamar ba tamu ba. Yanzu ƙofa uku ke nan a jere masu ruwan toka a lungun.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Baba ya daɗe bai dawo daga la'asar ba. Ya ce gaishe-gaishe ne suka tsayar da shi.

Asabar, 12 ga Oktoba



Bayan la'asar Baba ya shiga gidan Alhaji Ɗalha. Ba soro ya tsaya ba. Ya yi irin sallamar mai gida, wadda ba a jiran amsa, ya wuce kai tsaye har tsakar gida. Hajiya Hasana da surukanta biyu suna wanki, ko mayafi babu a jikinsu. Ya jingine sandarsa, ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Ladi, ba ni ruwa." Ladi, mahaifiyarmu, da ta rasu shekara huɗu.

Hajiya Hasana, Allah ya saka mata, ta ja zane ta rufe kai, ta ba shi ruwan, ta bari ya sha, sannan ta rako shi da kanta har soronmu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Shamsiyya, daga bakinmu babu mai ji."

Baban da ya yi shekara arba'in yana koya wa mutanen unguwar nan cewa sallama uku ake yi, in ba a amsa ba ka juya. Da ya gane abin da ya faru, ya shige ɗaki, ko tuwo bai taɓa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yaya Kabiru ya yanke hukunci: daga yau Baba a gida zai riƙa salla. Wai yau gidan mutunci ya faɗa, gobe fa? Na ce idonsa ne, a canja masa tabarau. Ya ce, "Har yaushe za ki yi ta cewa ido?" Na faɗa masa maganar da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Ban ba shi haƙuri ba tukuna.

Talata, 15 ga Oktoba

Kwana uku. Duk kiran salla Baba sai ya yi alwala, ya kafa hula, ya ɗauki sanda, ya zo soro ya zauna yana fuskantar ƙofa har a idar. Ba ya musu, ba ya roƙo. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. Masallacin nan shi kaɗai ya rage masa. Abokansa duk sun tafi, karatun ya daina bayarwa, sai sahun gaba, gefen dama, wurinsa tun kafin a haife ni.

Na kai masa shayi soron, na zauna. Can ya ce, "An sauya mini gida, Shamsiyya."

Na ce fenti ne kawai, Baba.

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekarar da Inna ta dawo daga Hajji, ta kasa daina zancen koriyar ƙubbar Madina. Ta ce a yi mata ƙofa kalarta, ta riƙa gani in ta dawo daga unguwa. Sau uku ana haɗa fentin tana cewa bai yi ba. Ya tuna sunan mai fentin, ya tuna ranar Alhamis ce. Mutumin da bai san ko ya karya kumallo yau ba.

Ya ce, "Ni ba na ƙirga ƙofofi. Koren nake nema. In na gan shi na san na iso."

Na ce bari in duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na tashi daga makaranta da wuri, na bar 'yan ajina da aiki. Na cire ɗan kwanon lambar gida da ke kafe a ƙofar, ga tsohon koren nan a ƙarƙashinsa, rana ba ta taɓa shi ba. Na kankaro ɓawo ɗaya da wuƙa, na naɗe a takarda, na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa.

Wani mai fenti, Malam Nura, ya juya ɓawon ya ce an daina yin wannan, sai dai a haɗa. Ya haɗa, na ce ya yi duhu. Ya ƙara rawaya, na ce ya koma ganyen latas. Ya ce, "Malama, kore fa kore ne." Na ce ba wannan ba. A karo na uku ya ɗiga a kan kwali, muka jira ya bushe, na ɗora ɓawon a kai, ya ɓace.

Sau uku. Sai a cikin adaidaita na lura.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na ɗauka Ikram za ta yi kuka. Sai ta ce, "Yaya, a mayar. Dangin ango su kalli abin da za su kalla." Yarinyar nan ta girma ban sani ba.

Na ba Yaya Kabiru haƙuri. Ya yarda in an mayar da koren a bar Baba ya koma masallaci, a gwada sati ɗaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Jiya aka fenta. Yau Baba ya fita la'asar. Na laɓe a soro ina leƙe ta kafar ƙyaure. Ga shi nan tafe a hankali. Ya tsaya a ƙofar Alhaji Ɗalha. Ya duba, ya duba, sai ya ƙara gaba, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan tamu. Fentin bai gama bushewa ba, shatin yatsunsa ya fito. Na hana a gyara.

Litinin, 28 ga Oktoba

An kai Ikram. Baƙi duk da koriyar ƙofa suka gane gidan, har wata gwaggon ango ta yaba kalar. Ragowar gwangwanin yana ƙarƙashin gadona.

Yanzu a soro nake duba littattafan 'yan aji da la'asar. Ya fi iska ne kawai.

Na ce wa Yaya Kabiru ya nemo mana likita. Ba na ido ba. Ya ce to, bai goranta mini ba, na gode masa da hakan.

Ɗazu Baba ya turo ƙofa, ya gan ni zaune, ya yi murmushi ya ce, "Ladi, na dawo."

Na karɓi sandar na ce, "Sannu da zuwa, Malam."