Wa Ya Tsaya Masa?

Birni, Damagaram

Zuwa ga ƙanena Mahamud, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Jummai da yara, Ya kuma ba ka sauƙin ƙafar nan da ke tasar maka duk damina. Mu nan alhamdu lillahi. Hajiya Ramlatu jinin nata ya sauka, har ta koma zuwa biki da suna. Abdul'aziz ne ke riƙe da garaji yanzu, ni sai leƙawa da faɗa. Gonar Dogo bana ba ta yi abin kirki ba, ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun masu kai albasa alhali ga waya. Maganar ce in na fara ta da baki ba zan kai ƙarshenta ba.

'Yarka Raudatu na nan tafe wurinku bayan Sallah, kuma ba ziyara ba ce. Ta rufe biro ɗinta, wato ofishinta. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina kafin 'yan Damagaram na can su ba ka da ƙari.

Ka tuna da ta gama karatun na'ura a Yamai, an ba ta aiki can ta ƙi, ta dawo gida ta ce za ta haɗa masu neman aiki da masu neman ma'aikata ta cikin waya. Na ba ta ɗakin bayan garaji inda muke jibge tsofaffin tayoyi, ta share, ta sa tebur, ta rubuta "Ga Aiki" a ƙofa. Ni da na bar lakwal, makarantar boko, tun a ajin katiriyam ban gane kan abin ba, amma na ga tsarinsa da idona. Wanda bai iya rubutu ba sai ya aiko da murya, ya faɗi abin da ya iya, tela ne ko shofer mai tuƙa mota ko mai haɗa wayar wuta, ita da abokan aikinta su shigar. Mai shago in yana son mutum ya duba ya zaɓa. Ta zaga Mirriya da Dogo da Takeita ranakun kasuwa tana yi wa mutane bayani har fatarta ta yi baƙi. Daga baya ta kama biro na kanta a Sabon Gari, aka yi hira da ita a rediyo, mutane na tare ni a masallaci suna cewa Mai Nasara ya haifi mai nasara. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Abu guda muka saɓa a kai tun farko. Kai ka san garin nan. Ba a ɗaukar mutum aiki sai an tambayi wa ya tsaya masa. Wani babba ne zai kamo hannunsa ya kai shi, in ya yi ɓarna gobe, wanda ya kai shi ne zai fito da shi. Na ce mata ta sa wuri a cikin wayar inda kowa zai faɗi wanda ya tsaya masa. Ta ƙi. Ta ce wannan tambayar ce ta zo ta kashe. Ta tuna mini da labarin da nake ba su suna yara, yadda bayan rasuwar Baba na yi ta gararamba a tasha, na iya tuƙi fiye da masu parmi, takardar izinin tuƙi, amma ba mai ba ni ko aikin karen mota don ba ni da mai kama hannuna. Ta ce saboda wannan yaron ta yi abin. Na ƙyale ta, aka ci gaba. Kuma abin ya yi ta tafiya, manyan 'yan kasuwa suna ɗaukar mutanenta ba tambaya, har ni ma na fara cewa ko zamani ne ya juya ban sani ba.

Sai ga maganar Kolo. Wani shofer ne da Alhaji Nomau na Takeita ya ɗauka ta hannunta. Ya ɗauko wake a kamiyo, babbar motar kaya, ya kife da ita a hanya. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba, amma tsoro ya kama shi, ya bar mota da kaya a daji ya tsallaka iyaka. Alhaji Nomau bai je biro ɗin Raudatu ba. Zaurena ya zo, ranar Juma'a bayan an sauko, zaure cike da mutane. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai san wata waya ba, bai taɓa yarda da ita ba, ya ɗauki yaron ne don daga gidan Mai Nasara ya fito, kuma duk abokansa na kasuwar Dole da wannan suke ɗauka. Ya ce ba kuɗi ya zo nema ba. Tambaya ɗaya ce, na tsaya wa Kolo ko ban tsaya masa ba. In na tsaya, in fito masa da shi.

Mahamud, ni ban taɓa ganin fuskar Kolo ba. Ban san ubansa ba, ban san unguwarsu ba. Sunan nan ba gadonsa na yi ba, kai shaida ne, da man mota a farce na gina shi, kuma duk wanda na taɓa tsaya wa a garin nan na san inda yake kwana. In na ce na tsaya wa wannan, na ɗauki duk ɗaruruwan da ke cikin wayar, mutanen da ban sani ba. Na gaya masa gaskiya a gaban jama'a, ban tsaya wa Kolo ba, ban tsaya wa kowa a cikin wayar nan ba. Ya ce to madalla, ya sa takalmansa ya tafi. Har yau in aka sake yi mini tambayar ban ga wata amsa da zan bayar ba, amma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Kafin wata Juma'ar maganar ta gama kasuwa. Ba wanda ya yi faɗa, sallama kawai aka shiga yi. Mai kanti ya ce wa yaronsa ya huta tukuna, mai gidan burodi ya ce a je a zo da babba. Mutanen da suka yi shekara suna aiki ba a taɓa kama su da ko allura ba aka mayar da su gida. Akwai wata Zuliha, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, tana riƙe da kanta da aikin sayar da magani da ta samu ta hannun Raudatu. Da aka sallame ta ba ta zagi kowa ba, zuwa take ta zauna a dakalin biro da safe, ta tashi da azahar. Raudatu ta bi masu shagunan ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu cewa mutum ɗaya ne ya gudu cikin ɗaruruwa. Suna ba ta kujera, su ba ta ruwa, su tambayi lafiyata, su ce sai sun yi shawara.

Na zaci za ta yi fushi da ni, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ce gaskiya na faɗa, ba ta ga laifina ba. Ta ce rufe biro ba shi ne ke cinta ba. Abin da ke cinta, duk shekarun nan tana zaton aikinta ne ya sa aka daina tambayar wa ya tsaya wa mutum, ashe ba a daina ba, kowa ya ba kansa amsa ne da sunana. Na ce mata to a gyara, ta kawo mini mutanen ɗaya ɗaya in gan su, wanda na yarda da shi in tsaya masa. Ta ce in aka yi haka ai ba "Ga Aiki" ba ce kuma, zauren Mai Nasara ne aka sa a waya, kuma ranar da ba ni sai a sake sallamar kowa. Zuliha dai na kama hannunta da kaina na kai ta, an mayar da ita aiki. Da Raudatu ta ji ta yi mini godiya, amma na ga fuskarta, kamar na ƙara mata ne.

Wasu masu irin wannan sana'a a can Abijan sun kira ta su yi aiki tare. Ta ce za ta je inda ba wanda ya san ubanta, ta ga ko abin zai tsaya da ƙafarsa. Hajiya na kuka, ni ban hana ba. Ɗakin bayan garaji har yanzu da rubutunta a ƙofa, Abdul'aziz ya so ya mayar da tayoyi na ce ya bari.

Abin da nake roƙonka, ka tarbe ta a tasha, ta sauka wurin Jummai har ta san gari. Kada ka kai ta wurin kowa, kada ka kama hannunta, ba za ta so ba. Amma ka san mutanenmu ko a bakin teku suke sai sun tambaya. In mai gidan haya ko wani daga cikin 'yan Damagaram ya ja ka gefe ya ce wa ya tsaya mata, ka ce ni, Mai Nasara na Birni. Ita na san fuskarta, na san inda ta kwana tun ranar da aka haife ta. Sai dai kada ka bari ta ji.

Ka gaida Jummai, da Ummul Khairi da Sa'a, da Abba in ya dawo daga Buwake. Hajiya Ramlatu da Abdul'aziz suna gaishe ku, ta ce akwai kilishi da yaji a kayan Raudatu, naku ne. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Mai Nasara