Iskar da Baba Ya Sace

Asabar, 3 ga Mayu

Mota ta sake juyewa da ni a kwana ta shida ta filin tsere. Zagaye huɗu lafiya lau, a na biyar bayan motar ya kwashe, sai ga ni cikin tsakuwa ina kallon inda na fito. Shugaban filin tsere ya huda katina karo na biyu. Huda ta uku, in ji shi, ba ni ba filin sai baɗi. Ya faɗa yana wani murmushi. Zai gani.

Litinin, 5 ga Mayu

Na ƙara wa fiffiken bayan motar tsini. Iska za ta danna gindinta ƙasa sosai, tayoyin su kama kwalta. Lissafina tsaf yake, shafi uku.

Baba ya dawo daga wurin facinsa ya tarar da ni da sifana a hannu. Ya zagaya motar, ya shafa tayar baya kamar mai duba zazzaɓi. "Injiniya, tsakiyar tayarki ta cinye, gefe kuwa sabo fil. Iska ta yi yawa."

Na ce, "Baba, talatin da biyu ne, abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa. Kullum da safe nake aunawa."

"Da safe," ya ce, ya shige ciki abinsa. Haushi kamar in fashe.

Alhamis, 8 ga Mayu

Shekara arba'in Baba yana liƙe tayar tifa da a-kori-kura, yau shi zai koya mini tsere? Wa ya yi digirin, ni ko shi?

Laraba, 14 ga Mayu

Ya sake tayar da maganar muna cin abinci. Wai fiffikena sai ana sheƙa gudu yake aiki, kwana ta shida kuwa da rarrafe ake shiga, can taya ce kaɗai gatana. Wai kamfani don zuwa ofis da kasuwa ya rubuta lambarsa. Na ce ya taɓa shiga filin ne? Ya ce a'a, amma ya taɓa taya mai zafi.

Umma ta harare ni. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ya ce zai raka ni Asabar. To, ya zo ya sha kallo.

Asabar, 17 ga Mayu

Bayan zagaye uku na gwaji na tsaya in sha ruwa. Ina cire hular kwano na ji tsssss. Baba ne tsugune, yana danna bawul ɗin taya da tsinken ashana, a gaban mutane! Na yi kansa a fusace. Ya miƙo mini gejina na awon iska da ya ɗora a ɗaya tayar. Arba'in da ɗaya.

Arba'in da ɗaya. Ashe zafin kwalta ke kumbura ta, sai tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Wata biyu ina aunawa a sanyin tsakar gida.

Na ce, "Ai gejin ne ya lalace." Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da sace iskarsa har ƙafa huɗu.

Na koma kan fili. Zagaye na biyar, kwana ta shida, na jira bayan motar ya kwashe. Bai kwashe ba. Zagaye goma sha biyu na yi. Shugaban fili ya mayar mini da katina da huda biyunsa, babu murmushi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Fiffiken ma ya taimaka, a kwana ta biyu mai gudu na ji shi sarai. Wannan ba wanda zai ƙwace mini.

Ban furta wa Baba cewa ya fi ni gaskiya ba. Na dai kwashe takardun lissafina daga kujerar gefe, na matsar da ita baya saboda gwiwarsa. Akwatin ashana kuma yana aljihun mota, kusa da geji.