Zanen Baba a Gidan Gwanjo

Azare,
20 ga Disamba, 2008

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Hamma Abdulrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Legas, yaya gajiyar aiki? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na ba Bunu direba wannan saƙo ne domin a waya kullum cikin sauri kake, ni kuma maganata tana da tsawo.

Rahoton shekara na gidan gwanjonku ya iso. Ni na karanta wa Baba, don ƙananan rubutu sun fi ƙarfin idonsa yanzu. Da na kai inda aka ce gidan bai taɓa ciniki irin na bana ba, kuma aka ambaci sunansa cikin masu zanen da aka sayi aikinsu, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da zane a makaranta ana ce masa mai wasan fenti, ga shi yau ɗansa ya kai sunansa bakin teku. Bai tambayi nawa aka saya ba. Damuwarsa wane ne ya sayi zanen masuntan nan, kuma ko ya rataye shi inda haske ke samunsa. Idan ka sani ka faɗa mini.

Hamma, likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi na gani ba zai dawo ba, sauran ne ake lallaɓawa da magani. Shi ya sa na ɗauko su shi da Inna daga Katagum, suna wajena. Ranar Sallah Baba ya sa an ajiye maka cinyar ragon layya, sai da yamma ta yi Inna ta ba maƙwabta. Na san gwanjon ƙarshen shekara ne ya riƙe ka, ban ga laifinka ba.

Batun sauran zanen da ka ce shugabanninka na so, Baba ya amince. Mun je Katagum mun sauke su duka daga bango, suna cikin kayan da Bunu zai kawo maka. Inna ba ta so ba, amma ba ta hana ba.

Kowa na gaishe ka. Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Ƙanwarka,
Radiyya


Azare,
14 ga Yuni, 2009

Hamma Abdulrahim,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, kuma zazzaɓin da ka ce ya dame ka ya sake ka. Damina ta sauka a nan, har an yi shuka.

Idon Baba na hagu ya rufe. Na dama ne ya rage, shi ma ya ce kamar yana leƙe ta cikin kara yake gani. Makon jiya ya matsa sai an kai shi Katagum. Mijina ya kai mu. Baba ya zauna a bakin kogi yana juya kai a hankali, yana tattara abin da zai iya gani ɗan kaɗan ɗan kaɗan. Da muka shiga gida ya wuce ɗakinsa, ya tsaya yana duban bango. Babu komai sai ƙusoshi. Ina jin ya manta mun kwashe. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Radiyya, ko ɗaya ba mu bari ba?"

Abin da ya sa na kira ka ran nan ke nan, na roƙe ka ka dawo da ko guda ɗaya ya gani tun da sauran haske. Ka ce an riga an sa hannu, an buga hotunansu a littafin gwanjon Nuwamba, kuma kasuwa ta yi sanyi bana, ba lokacin ɓata wa shugabanni rai ba ne. Na yi maka magana mai zafi, ka yi haƙuri. Ashe Baba na ji. Da na kashe wayar ya ce in ƙyale ka, kada a taɓa maka aiki saboda kwaɗayin tsoho, ai duk suna nan cikin kansa.

Amma ni na ga abin da yake yi. Yakan ɗauki rahoton nan na bara, ya buɗe shafin da zanensa yake, ya manna shi kusa da ido har hancinsa na taɓa takarda. Hoton bai fi tafin hannu ba. Ba zan sake roƙon zanen ba tunda ya hana. Kai dai ka zo, ko na kwana biyu ne, ya ga fuskarka.

Inna ta aiko maka da kuka da daddawa. Allah Ya tsare.

Taka,
Radiyya


Katagum,
18 ga Disamba, 2009

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje. Yaya jikinka, kana samun cin abinci kuwa? Layinka a kashe yake tun bayan Sallah, sai a bakin Bunu muka ji komai. Ya ce ranar gwanjon zauren kusan wayam, manyan masu sayen nan duk faɗuwar hannun jari ta taɓa su, aka yi ta ɗaga zanen Baba ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ɗaga hannu. Ya ce gidan ya rufe shekara da asara, an sallami ma'aikata har da kai. Allah Ya musanya maka da mafi alheri.

Baba ya daina gani gaba ɗaya tun cikin azumi. Ya ce tunda magani ya ƙare aikinsa a mayar da shi gidansa, shi ya sa ka ga ina rubutowa daga nan.

Jiya da hantsi Bunu ya kawo zanen da ka ba shi. Muka kwance su a tsakar gida, muna miƙa wa Baba. Yana shafa kowanne da yatsa, yana bin tudun fenti, yana faɗin sunansa. Wasu ya dace. Wani kuma ya ce garken shanu ne a fadama, alhali kasuwar Chinade ce. Na buɗe baki, Inna ta girgiza mini kai, sai muka ce haka ne, Baba.

Bunu na durƙushe kusa da shi bai yi magana ba tukuna. Sai Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe gam, ya ce, "Abdulrahim, ka sha hanya. Kada ka sa komai a ranka, ba a saya ba ai sun dawo gida, ni na fi son haka." Ya ci gaba da shafa hannun, har ya ji kantar sitiyari a tafinsa. Can ya sake shi a hankali ya ce, "Sannu da hanya, Bunu." Bunu ya fita yana goge ido da hularsa.

Na so in rataye su yau, Baba ya hana. Ya ce a jingine su a ɗakinka, wanda ya san darajarsu shi zai mayar da su bango da hannunsa.

Bunu ya ce kunya ce ta hana ka biyo shi, wai ka raba Baba da zanensa a banza kuma ba ka da abin riƙowa. Hamma, ba wanda ke jiran tsaraba a gidan nan. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai Baba ya ɗaga kai ya kasa kunne, ba ya komawa kishingiɗa sai ya ji ta wuce. Bunu zai taso daga Legas ranar Talata. Na ce ya bar maka kujerar gaba.

Inna na gaishe ka. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙanwarka mai jiranka,
Radiyya